Wanda Ya Yanke Ragar Tafkin Mubarika

Ranar Lahadi da yamma, da mutanen gidan Baba Alidu na unguwar Dichemso a Kumasi suka dawo daga wani biki a unguwar Aboabo, 'yarsa Mubarika ce ta fara zagayawa bayan gida, ko mayafi ba ta cire ba. Ta tarar an yanke ragar da take rufe ɗan tafkin kifinta, rabin ragar ya nutse cikin ruwa. Ruwan ya damu, kainuwa ta tattaru a lungu guda. Jajayen kifayen ado da ta fi shekara tana wahala da su babu ko ɗaya, sai ɓawonsu yana ƙyalli a kan siminti, da wani guntun kai da ƙudaje suka yanyame.

Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a ƙasa da kayan bikinta, a haka ƙanenta Latif ya same ta. Shi ya tara jama'a.

Kafin a idar da magariba duk layin ya ji, kuma kowa yana da sunan da yake raɗawa. Wasu suka ce Mma Safia ce, mai sayar da wake da shinkafa da ke haya a ɗakin ƙofar gida, don ta sha cewa tafkin yana tara mata sauro. Wasu suka ce Latif ɗin da kansa ne. Amma mafi yawa sun karkata ga Abdulgafar, ɗan Nijar mai sayen tsoffin ƙarafa, wanda shi kaɗai ne a cikin 'yan haya bai je bikin ba.

Da gari ya waye Latif ya banke ɗakin Abdulgafar. Bai sami kifi ba, amma ya sami farar rigar mahaifinsa rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Samarin layin ba su jira bayani ba. Kafin liman ya iso sun fasa wa mutumin baki, sun rufe masa ido ɗaya. Liman ya raba su da ƙyar, ya shigar da shi zauren masallaci, ya ce a saurara zuwa la'asar. In ba a gano komai ba, sai a miƙa shi ga 'yan sanda. Sannan ya aika a kira masa Sumana.

Sumana ya yi suna a arewa da bin sawun shanun sata, tun daga Walewale har iyakar Burkina. Da ƙarfi ya ragu ya gangaro Kumasi, ya sami gadi a wata kasuwar dabbobi. A birni aikinsa ya mutu, don ko'ina an shafe da siminti da kwalta, ƙasa ba ta riƙe komai. Sai jefi-jefi a kira shi neman akuya. Idonsa ma ya fara hazo. Ya zo ne kawai saboda an ambaci sunan Alidu, wanda a zamanin da yake tuƙa babbar mota daga tashar Kejetia zuwa Bawku ya sha ɗaukarsa a gidan gaba, suna tafe suna raba goro.

Mubarika ta kai shi bayan gida. Fili ne ɗan ƙarami na jar ƙasa tsakanin katanga da bayan ɗakuna, tafkin a tsakiya, da benci a gefensa. Ƙofar baya ta ɗakin Alidu a nan take buɗewa.

Ta ba shi labari idonta a ƙasa. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kama mahaifinta ya ɗauke masa ɓarin dama da harshe, ya juya wa kowa baya, abinci ma sai an yi da gaske. Wata rana a asibiti ta ga yana bin wasu kifaye da ido a cikin akwatin gilashi. Shi ne ta nemi wani mai kiwon su a unguwar Kwadaso ya koya mata. Ya ce ta haƙa rami mai zurfi har ƙugu, bangonsa a miƙe, yadda tsuntsu ba zai sami wurin tsayawa a ciki ba, kyanwa kuma ba za ta kai hannu ba. Ta yi. Ta bar ruwan famfo ya kwana biyu ya huce kafin ta zuba kifin. Guza ya fito daga kwata ya kwashe mata wasu, ta toshe ramin kwatar da waya. Hankaki suka dame ta, ta rataya tsoffin faya-fayai suna walƙiya. Ta jera guntayen bututu da tsohuwar tukunya a ƙasan ruwan don kifin su sami maɓoya. A ƙarshe ta sayo raga mai kauri ta ɗaure ta tam a ƙusoshi. Kullum da safe ita da Latif sukan ɗauko tsohon su zaunar da shi a benci, ya wuni yana kallo.

"Duk abin da aka ce in yi na yi, Baba," in ji ta. "Ban bar kafa ko ɗaya ba."

Sumana ya durƙusa da ƙyar. A gefen simintin ya ga sawun tsuntsu mai dogayen yatsu, a kan katanga kuma farin kashi ya zubo. Ya ce mata zalɓe ne ya ci kifin, hankaki suka ƙarasa. Ya tambaya ko an ɗauke wuta jiya, ta ce tun rana. Ya ce to ɗan injin da ta sa yake motsa ruwan ya tsaya, ruwan kuma ya damu, kifin suka taso sama neman iska, tsuntsaye suka yi ta tsinta daga baki. Sai dai zalɓe ba ya yanka raga.

Ya jawo ragar ya duba. Ba a yanke ta da sara ɗaya ba, kamar yadda mai wuƙa da sauri zai yi. Zare-zare aka bi ta, a karkace, kuma duk yankan bai wuce inda hannun mutumin da ke zaune wuri ɗaya zai kai ba. Ya zura sandarsa cikin ruwan ya laluba. Bututun sun watse, tukunyar ta fashe.

Sannan ya dubi ƙasa. An share filin, alamar tsintsiya tana nan a kan danshi. Mubarika ta ce ita jiya da sassafe ta yi shara, kafin ruwan saman da aka yi da hantsi, bayan nan ba ta ƙara ba. Sumana ya miƙe tsaye. Ya roƙe ta kada ta bar kowa ya sake shigowa.

Mma Safia tana bakin murhu tana kwashe abinci a ganye ya same ta. Badagomba ce, Hausarta ta zango, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Ta rantse kyanwarta a ɗaure take tun ranar da suka yi cacar baki da Mubarika a kanta, ta nuna masa ita a ƙarƙashin tebur da igiya a wuya. Ta amsa cewa ta yi maganar sauro, kuma har gobe za ta yi, amma ita ma ta je bikin.

Ya tambaye ta ko tare suka dawo da sauran. Ta ce a'a, ta riga su, ta zo jiƙa wake. Tana shiga ɗaki ta ji ƙarar ruwa daga baya, da muryar namiji yana ta salati.

"Muryar Abdulgafar ne, Baba. Na ce ko wanka shi ke yi. Ni ban leƙa ba."

Ta ƙara da cewa in dai gaskiya ake so, a tambayi Latif wanda ya sha alwashin cike ramin da yashi.

Latif yana tashar masu keke mai ƙafa uku a bakin titi, yana zaune cikin nasa bai ɗauki kowa ba. Bai musa ba. Ya ce ya faɗa, don filin nan da an gina ɗaki an sa ɗan haya da ya fi amfani. Amma jiya tun azahar yake jigilar 'yan biki, kuma abokan aikinsa suka shaida haka baki ɗaya.

Sumana zai tafi sai Latif ya biyo shi, ya rage murya. Ya ce yayarsa ta bar ɗakin mijinta a Tamale ta zo jinya, mijin ya gaji da jira ya sallame ta. Rumfarta ta atamfa a kasuwar Kejetia rabin wuni take buɗewa. Duk ta ƙare a tsaye.

"Baba ba zai tashi ba. Likita ya faɗa, kowa ya sani. Ita kaɗai ce take ganin kifi zai dawo mata da shi. Amma ni ban taɓa mata su ba, wallahi. Wancan ɓarawon ne, ga riga nan an gani."

Sumana ya tambaye shi ko ya taɓa jin ɓarawon da ya saci tsohuwar riga ya rataye ta a bayan ƙofarsa, a cikin gidan mai ita. Latif ya kawar da kai.

A zauren masallaci Abdulgafar yana jingine da bango, leɓensa ya kumbura. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai kamar shekara arba'in, iyalinsa suna can Tawa. Sumana ya zauna kusa da shi ya miƙa masa ruwa. Ya tambaye shi inda yake jiya da rana, ya ce ya dawo gida yin salla. Ya tambaye shi ko ya shiga bayan gida, ya yi shiru. Ya tambaye shi yadda aka yi rigar ta je ɗakinsa, nan ma shiru.

"Ban ci kifi ba, ban saci riga ba," in ji shi daga ƙarshe. "Iyakar abin da zan faɗa ke nan, Baba. In 'yan sanda ne, su zo."

Rigar tana hannun liman. Sumana ya karɓa ya shinshina. Ƙarnin ruwan kifi ne, kuma daga wuya har ƙasa akwai koren gansakuka da ba ta gama bushewa ba. A bakin zaure ya ɗaga takalman Abdulgafar ya duba ƙasansu. Na tayar mota ne, an ɗinke dunduniyar na hagu da waya.

Liman ya tambaye shi ko ya ga wani abu. Sumana ya ce har yanzu duk abin da ya gani a kan mutumin yake nunawa, kuma shi ya sa hankalinsa bai kwanta ba.

Bayan azahar ya koma filin shi kaɗai. Tsakiyar duk tsintsiya ta cinye, sai ya bi gindin bango, ƙarƙashin bakin kwano, inda ruwan rufi ya tausasa ƙasa kuma mai shara da gaggawa ba ya kaiwa. Da rarrafe ya bi, fuskarsa dab da ƙasa saboda idon.

A nan ya sami takalmin taya mai ɗinkin waya, sau biyu. Na farko ya nufi tafki, kan yatsu kawai ya taɓa ƙasa ya tono ta. Mutumin da gudu ya shigo. Na biyu ya baro tafki, tafin gaba ɗaya ya lume har ƙasa ta tsage a gefensa, kuma ba ƙofar fita ya nufa ba, ƙofar ɗakin Alidu ya nufa. Sumana ya sa yatsa ya auna zurfin. Ya san wannan sawu tun yana saurayi, sawun mutumin da ya saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ne. Abdulgafar ya je tafkin hannu wofi, ya dawo da kaya mai nauyin mutum.

Ya ƙarasa bakin dakalin ƙofar. A lungun da dakalin ya haɗu da bango akwai ɗan rami zagayayye na gindin sanda, a hagu. A damansa wani layi ya ja a ƙasa kamar an ja itace, ya yi taku ɗaya ya ɓace a ƙarƙashin shara. Layin fita ya yi, babu na dawowa.

Sumana ya daɗe a durƙushe a wurin. Ya so a ce idonsa ne ya yaudare shi.

Ɗakin Alidu duhu ne, yana warin man zafi. Tsohon direban yana kwance, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Sumana ya yi sallama, ya zauna a bakin gado, ya ambaci sunansa. Idon Alidu ya nuna ya gane shi.

Sumana ya ɗaga zanen da ya rufe ƙafafun. Bayan ƙafar dama, wadda ba ta motsi, ya ɗaye tun daga yatsu, kuma akwai jar ƙasa a ƙarƙashin farcen babban yatsa. Ya mayar da zanen a hankali.

"Alidu," ya ce, "mutumin nan sun fasa masa baki saboda kai. Da la'asar za su kai shi ga hukuma."

Hannun hagun Alidu ya fito ya kama wuyan hannunsa da ƙarfin da bai zata ba. Bakin ya motsa, sauti ya fito wanda ba kalma ba. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shiga kunne. Ya girgiza kai, ya sake girgizawa. Da Sumana ya ce masa dole ne ya faɗi wani abu, sai ya sake shi, ya juya fuskarsa ga bango.

Sumana ya koma masallaci ya roƙi liman ya ba su wuri. Bai yi wa Abdulgafar tambaya ba, ya dai faɗa masa abin da ƙasa ta nuna, daga gudun da ya yi har nauyin da ya ɗauko. Abdulgafar ya rufe fuska da hannu biyu.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana. Ya ce yana alwala ya ji faɗawar abu mai nauyi cikin ruwa. Da ya zagayo sai ya ga ƙafafun tsohon. Ya faɗa ciki ya ciro shi, ya kifa shi har ya amayar da ruwa. Da tsohon ya farfaɗo, da hannunsa mai lafiya ya dinga dukansa a ƙirji yana kuka. Abdulgafar ya saɓa shi ya kai ɗaki, ya canja masa riga da irinta, ya ɗauke jiƙaƙƙiyar don ya wanke, ya share filin. Ragar ce ya manta.

"Da na ja ta na rufe, da kifin yarinyar nan suna nan," ya ce.

Sumana ya tambaye shi ko zamewa tsohon ya yi. Abdulgafar ya dube shi da idonsa ɗaya mai buɗewa. Ya ce a kan benci ya tarar da hular tsohon, da carbinsa a naɗe a cikinta, da ɗan almakashin gyaran gemu a gefe, an jera su tsaf. Shi ya kwashe su ya mayar masa ɗaki.

"In na faɗa, ko shekara goma ya ƙara a duniya, ranar da ya cika sai an yi ƙus-ƙus a kan sallar jana'izarsa. 'Ya'yansa kuma a zangon nan za su zauna. Ni baƙo ne, Baba. In an kore ni, wani gari zan koma."

Bayan la'asar aka taru a ƙofar filin, liman da Latif da Mma Safia da samarin da suka yi dukan, mata suna leƙe ta kan katanga. Mubarika ta tsaya a jikin ƙofar mahaifinta. Aka kawo Abdulgafar.

Sumana ya fara da sawun zalɓe, ya ce ga wanda ya ci kifi, kuma ba wanda zai iya kai shi ofishin 'yan sanda. Ba wanda ya yi dariya. Ya wanke Mma Safia da kyanwarta, ya wanke Latif. Sannan ya kira liman ya nuna masa sawun gudu, da sawun nauyi, da ramin sanda, da layin ƙafar da aka ja. Ya sa aka kawo takalmin aka ɗora, ya zauna daidai.

Ya ce Baba Alidu ne ya tashi da kansa, da sanda, ya zo ganin kifinsa da ya ga gidan ba kowa. Ƙafa ta zame masa ya faɗa kan raga ya nutse da ita, Abdulgafar ya yanke ragar ya ciro shi. Ya faɗi haka kansa a sunkuye, yana kallon ƙasa.

Wani daga cikin samarin ya tambaya, in haka ne me ya hana shi faɗa tun jiya. Sumana ya ce don kada a zagi Mubarika a ce ta tafi biki ta bar mara lafiya shi kaɗai. Abdulgafar bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Nan take aka fara salati. Wata tsohuwa daga kan katanga ta ce ai wannan abin godiya ne, tunda har ya iya takawa, sauƙi ya fara samuwa. Mutane suka kama, suna yi wa Mubarika barka. Liman ya yi wa samarin faɗa, ya sa suka ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Latif ya durƙusa ya kama ƙafar Abdulgafar yana kuka. Abdulgafar ya janye ƙafarsa, ya ɗauki takalminsa ya shige ɗaki.

Sumana ya kai bakin ƙofar gida ke nan Mubarika ta sha gabansa. Ta buɗe tafin hannunta, ga ɗan almakashi. Ta ce a cikin gwangwani take ajiye shi a kan taga, yau ta same shi a ƙarƙashin matashin mahaifinta, da koren zare maƙale a bakinsa. Ta ce ragar nan ita ta ɗaure ta, ta san ko Latif ne ya faɗa a kai ba za ta nutse ba.

"Baba, kada ka yi mini irin maganar da ka yi musu."

Ya duba hagu da dama, ba kowa kusa. Sai ya gaya mata, har da hula da carbi. Bai ƙara komai ba, bai rage ba.

Ta jingina da bango. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana juya almakashin a hannunta, sannan ta ce, kamar da kanta take magana:

"Wata da watanni yana zaune a bencin nan bai ɗauke ido ba. Ni duk na ɗauka kifin yake kallo."

Ta ce ita ta haƙa ramin da hannunta, kuma ita ta dage sai an ƙara masa zurfi. Ya ce mata ba laifinta ba ne, ta gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai karɓa ba. Ta roƙe shi kada Latif ya sani.

Cikin makon Abdulgafar ya ɗaure kayansa a kan kurarsa ya bar Dichemso. Latif ya bi shi har titi yana roƙo, bai waiwayo ba, kuma ba wanda ya san unguwar da ya koma. Mubarika da kanta ta sa Latif ya kawo yashi. Ta kwashe ruwan da bokiti, ta cike ramin, ta daddaɓe. Mutanen layin suka ce ta yi hankali. Mai kiwon kifi na Kwadaso ya aiko mata cewa yana da sababbi masu kyau, ba ta ba shi amsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi Sumana ya zo duba abokinsa. Ya tarar an buga wa ƙofar baya katako an toshe ta, a ta gaba kuma an sa sabon kwaɗo. An kwashe komai daga ɗakin, sanda da gwangwani da igiyar shanya, har kofin gilashi an canja da na roba. Mubarika tana shirin tafiya Kejetia, don rumfa ba za ta ci gaba da zama a rufe ba. Da ta gan shi sai ta ba shi mabuɗin, ta ce in zai tafi ya rufe ya ba Mma Safia.

Ya zauna a bakin gado. Ya ba Alidu labarin hanyar Bawku, yadda aka gyara wani wuri, wani wurin ya ƙara lalacewa. Ya ambaci direbobin da suka sani, waɗanda suka rasu da waɗanda suka saura. Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Alidu bai juyo daga bango ba, bai kuma miƙo hannu ba.

Da aka yi kiran farko na Juma'a, Sumana ya tashi. Ya ajiye goron a kan matashi, ya ce zai dawo. Ya fito ya ja ƙofar, ya zura kwaɗon, sai da ya sake gwadawa kafin ya kama. Ya tsaya da kunnensa a jikin katakon ko zai ji motsi daga ciki. Bai ji komai ba. Ya kai wa Mma Safia mabuɗin, ya nufi masallaci.